Kufai a Ƙarƙashin Sansani: Binciken Ƙasa Ba Tare da Tono Ba a Iyakar Illela

Ƙasar da ta tashi daga Gulbin Rima ta yi arewa har Birnin Ƙwanni, wadda Illela take bakin iyakarta a yau, ta kai shekara ɗari biyar tana ɗaukar mayaƙa. Kabawa sun yi mata ganuwa, Gobirawa sun mulke ta, masu jihadi sun kafa ribaɗi a cikinta, Ingila da Faransa sun ja layi sun raba ta biyu, yanzu kuma sojan Najeriya ne yake sintiri a kudancin layin, na Nijar a arewacinsa. Kowane rukuni ya haƙa rami, ya ta da gini, ya hura wuta, ya binne matattunsa, kuma duk waɗannan suna barin alama a cikin ƙasa ko da iska da garma sun shafe su a sama. Abin da wannan nazari yake son kafawa shi ne cewa filin da soja ya riƙe, ko yake shirin riƙewa, shi ne wurin da ya fi dacewa a fara gwada na'urorin da suke karanta cikin ƙasa ba tare da an sa diga ba. Dalili biyu ne: shingen soja yana iya tsare kufai fiye da kowane mai gadi, katafilar soja kuma tana iya share shi tsakanin hantsi da azahar.

Sai an san abin da ake nema kafin a ɗauko na'ura. Babban abin da yankin ya mallaka shi ne Surame, a ƙaramar hukumar Binji, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16 ya mai da shi hedikwatar Kabi. Ganuwarsa ta dutse ce da jar ƙasa, faɗin wurin ya kai kimanin murabba'in kilomita 9, an tashi daga cikinsa a farkon ƙarni na 18, gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba. Surame ana ganinsa da ido. Waɗanda ba a gani su ne suka fi yawa. A 1804 Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗegel, da ke ƙasar Gwadabawa, zuwa Gudu. Daga can jama'arsa suka kai hari Matankari da Ƙwanni, sannan aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na shekarar. Sansanin da aka zauna wata biyu ko uku ba ya barin ganuwa, amma yana barin murhu, da toka, da rijiya, da kabari. A ƙarshen ƙarni na 19 Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya kafa Gwadabawa ya riƙa zaunar da mutane a arewacinta don tare hanyar mahara. Garuruwan da aka kafa a irin wannan hali sukan sami gwalalo da shingen ƙaya ko katangar ƙasa, wasu kuma sun tashi sun bar kufai da manoma suka mai da gona.

Akwai kuma tarihin da bai shiga littattafan jihadi ba sam. Kwarin Maggiya, wanda ruwansa yake gangarowa daga Adar ya bi ta kusa da Ƙwanni ya zuba a Tafkin Kalmalo cikin ƙaramar hukumar Illela, ƙasar tama ce. Nicole Echard ta yi aiki da maƙeran Adar a shekarun 1960 ta rubuta yadda suke narka tama. Duk inda ruwa mai daɗewa da tama da itace suka haɗu, mutane sun zauna tun kafin a san sunan wani sarki, kuma babu takardar da za ta faɗi inda suka zauna. Ƙasa kawai ke riƙe da wannan bayani.

Na'urar da ta fi amfani a irin wannan wuri ita ce ma'aunin maganaɗisu. Duniya kanta tana da ƙarfin maganaɗisu, wanda a arewacin Najeriya ya haura nanotesla 30,000. Abin da yake binne yana ƙara wa wannan ƙarfi ko ya rage shi da ɗan kaɗan, na'urar kuma bambancin take kamawa. Hanya biyu ce aikin ɗan'adam yake canza maganaɗisun ƙasa. Ta farko wuta: idan yumɓu ya yi zafin da ya wuce digiri 600 ko 700 sannan ya huce, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan daidaita da maganaɗisun duniya su daskare a haka. Shi ya sa murhun narka tama, da matoyar tukwane, da ɗakin da gobara ta cinye suke fitowa ɓaro-ɓaro, da ƙarfin nanotesla gommai ko ɗaruruwa. Ta biyu ta fi wuyar kamawa: ƙasar sama, wadda ta sha toka da shara da ruɓaɓɓen abu, ta fi ta ƙarƙashinta maganaɗisu. Idan aka haƙa gwalalo ko rijiya ko ramin ajiyar hatsi, shekaru suka cike shi da wannan ƙasar sama, sai ya zama zare ko ɗigo mai ɗan ƙarfi a cikin ƙasa marar ƙarfi. Bambancin yakan tsaya a nanotesla ɗaya zuwa biyar. Martin Aitken ne ya fara nuna amfanin wannan a 1958, lokacin da ya gano matoyar tukwanen Rumawa a Water Newton ta Ingila, kuma abin lura shi ne aikin hanya ne ya sa aka kira shi.

Tunda nanotesla biyu ake farauta a cikin dubu talatin, mai ɗauke da na'urar dole ya tsarkaka daga ƙarfe. Yakan ajiye waya da makulli da agogo, ya cire bel, ya sa wando marar zif da takalmin roba, ko laya ce da zobe a jikinta sai ta sauka. Ana shata filin murabba'i-murabba'i, mita 20 ko 30 kowane gefe, a miƙa igiya mai alama, shi kuma ya bi igiyar da taki iri ɗaya, ba sauri ba nawa, na'urar tana rataye a tsaye tana ɗaukar awo sau da yawa a kowace mita. Ya kai ƙarshe ya matsa rabin mita ko mita ɗaya ya dawo. Da yamma a zuba awon a kwamfuta, sai hoto mai toka-toka ya fito, inda baƙi da fari suke nuna abin da ke ƙasa. Mutum biyu ko uku sukan gama hekta ɗaya zuwa biyu a yini. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa Surame, mai hekta kusan 900, ba wurin da za a bi kaf da ƙafa ba ne; sai dai a zaɓi ƙofofi da fada da unguwannin sana'a, ko a samo irin keken da ake jera wa ma'aunai da yawa a ja shi.

Ba sai an je Turai neman shaidar cewa hanyar tana aiki a ƙasar Sahel ba. A farkon shekarun 2000 masu bincike na Jami'ar Frankfurt, tare da Jami'ar Maiduguri, sun yi aiki a Zilum, arewa da Maiduguri. A ido wurin fili ne shimfiɗaɗɗe da tsingaro a warwatse. Da Carlos Magnavita da abokan aikinsa suka bi shi da ma'aunin maganaɗisu, sai ga gwalalo ya kewaye gari mai kimanin hekta 12, ga ramuka birjik a cikinsa. Tonon da aka yi daga baya ya tabbatar da gwalalon, ya kuma nuna garin ya rayu wajen shekara 600 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan ya sauya fahimtar masana game da lokacin da aka fara garuruwa masu kariya a yankin Tafkin Chadi. Da ramukan gwaji kawai aka dogara, ana iya haƙa goma ba a faɗa kan gwalalon ba, domin babu abin da yake nuna shi a sama. Daga baya an yi irin wannan awo a Birnin Lafiya, a arewacin Benin, cikin aikin da Anne Haour ta jagoranta.

Sai dai nasarar Zilum ba ta nufin a ɗauko na'ura a sauke a Illela a sami irin wannan hoto. Matsala ta farko daga sama take. A Ingila da Jamus, inda aka ƙera yawancin na'urorin aka kuma rubuta littattafan koyar da su, layukan maganaɗisun duniya suna soka ƙasa ne a tsaitsaye, da kusurwar digiri 65 zuwa 70. A Najeriya kusan a kwance suke, domin layin da maganaɗisun yake kwantawa sarai ya ratsa ƙasar. Sakamakon haka alamar abu ɗaya takan fito da wata siffa dabam: inda littafin Turai ya ce a sa ran ƙari, a nan ana iya ganin ragi, kuma dogon abu da ya miƙe kudu da arewa yakan dusashe, alhali wanda ya miƙe gabas da yamma yana fitowa sosai. Gwalalon da ya kewaye gari zai iya bayyana a gefe biyu ya ɓace a gefe biyu, wanda bai san dalili ba ya rubuta cewa garin ba a gama kewaye shi ba. Maganin shi ne a bi layi daga kudu zuwa arewa, a matse tazarar layukan, kuma kada a yanke hukunci da na'ura ɗaya.

Matsala ta biyu ƙasar ce da kanta. Yankin Sakkwato kwari ne na duwatsun da ruwa ya jibge, akwai farar ƙasa irin ta Kalambaina da ake yin siminti da ita, akwai yumɓu, a kan tuddai kuma akwai marmara mai ƙarfe. Jigawa mai zurfin yashi tana ba da hoto mai tsabta. Fako mai tsakuwar marmara kuwa, musamman inda aka daɗe ana ƙona daji, yana iya cika hoton da ɗige-ɗigen da za su rufe ramin da ake nema. Ganuwar Surame da marmara aka yi ta a kan marmara, saboda haka bambancin gini da ƙasar da yake kai zai iya zama kaɗan. Wannan ba abin da za a warware a ofis ba ne; sai an ɗebi ƙasar kowane wuri an auna, an kuma gwada na'urar a kan abin da aka riga aka sani, misali tsohuwar marina ko tudun kashin maƙera da kowa a ƙauye ya san inda yake, kafin a amince da abin da ta ce game da wurin da ba a sani ba.

A nan sauran na'urori suke shigowa. Rada mai leƙa ƙasa tana aika igiyar rediyo ciki ta saurari dawowarta, kuma ita ce take faɗin zurfin abu. A busasshen yashi tana kai mita biyu ko uku, wanda ya sa jigawar Illela da rani ta dace da ita. A laka mai danshi irin ta fadamar Kalmalo ko rabin mita ba lallai ta kai ba. Na'ura ta uku mutanen karkara sun riga sun san ta. Duk wanda ya ga masu safiyon rijiyar burtsatse suna kafa turakun ƙarfe a jere, suna jan waya, suna zuba ruwan gishiri a gindin turke don wuta ta shiga, ya ga awon turjiyar ƙasa ga lantarki. Mai neman ruwa yana buɗa turakunsa nesa don ya leƙa mita hamsin ko ɗari. Mai binciken kufai yana matse nasa rabin mita don ya ga harsashin gini, wanda yake hana wuta wucewa, da cikakken rami, wanda yake riƙe laima ya bar ta ta wuce. Richard Atkinson ya fara amfani da ita a kufai a 1946. Amfanin wannan a gare mu shi ne akwai ƙwararru a sassan kimiyyar ƙasa da fiziya na jami'o'inmu, har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda hannunsu ya saba da ita. Lokacinta ɗan gajere ne: bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙasa ta bushe ƙayau. Gaba ɗaya ma kakar aikin daga Nuwamba ce zuwa Fabrairu, an cire amfanin gona, zafin bazara da ke sa na'ura ta riƙa karkacewa bai sauka ba.

Me ya kawo soja cikin wannan magana? Ƙasashen da suka fi nisa a wannan fanni a filin soja suka koyi abu da yawa. Rundunar Ingila ta fara sayen filin Salisbury a 1897, yau tana riƙe da kimanin hekta 38,000, kuma a cikinsa akwai wuraren tarihi fiye da 2,000. Gonakin zamanin Rumawa da kaburburan da suka girme su sun tsira a can ne domin garmar zamani ba ta shiga ba. A gonakin da ke wajen shingen tuni aka baje irinsu. Ana kafa alama a kan muhimman wurare don kada tanka ta hau ko a haƙa rami, kuma tun 2011 akwai shirin da yake sa sojojin da suka ji rauni a yaƙi cikin aikin tono da awo a matsayin hanyar farfaɗowa. A Amurka doka ce ta tilasta: dokar adana wuraren tarihi ta 1966 ta ɗora wa kowace hukumar tarayya, har da soja, nauyin sanin abin da ke filinta da duba shi kafin ta yi wani aiki. Tono yana da tsada da jinkiri, shi ya sa ma'aikatar tsaronsu ta ba da kuɗi a gwada haɗa na'urori da yawa a wuri ɗaya. Kenneth Kvamme da Michael Hargrave da wasu sun yi haka a barikin Fort Riley ta jihar Kansas, a kan wani ɗan gari da aka gina wa sojoji a 1917 aka rushe bayan 'yan shekaru. Filin ciyawa ne kawai a ido, amma da aka ɗora hoton maganaɗisu a kan na lantarki da na rada, tituna da harsashin gine-gine da bututu suka fito. Abin da suka tabbatar shi ne kowace na'ura tana ganin abin da 'yar'uwarta ta makance a kai.

Ɗaya fuskar ita ce Babila. A 2003 da 2004 sojojin Amurka da na Foland sun yi sansani a tsakiyar tsohon birnin a Iraƙi. Rahoton da John Curtis na gidan tarihin Birtaniya ya fitar a 2005 ya nuna an haƙa ramuka a cikin kufan, manyan motoci sun farfasa daɓen bulo mai shekara fiye da 2,500, an kuma cika buhunan kariya da ƙasar da ke ɗauke da tsingaro da ƙasusuwa. Ba da niyyar ɓarna aka yi ba. Injiniyan soja tudu yake nema, da ƙasa mai tauri, da kusancin ruwa da hanya, wato abin da mai kafa gari ya nema shekara dubu da suka wuce. Saboda haka sansani yakan sauka a kan kufai fiye da yadda tsautsayi kaɗai zai sa.

Halin da ake ciki a arewacin Sakkwato ya fi kusa da wannan fuska ta biyu, kuma gaskiya ce da bai kamata a kauce mata ba. Salisbury filin atisaye ne a ƙasar da take zaune lafiya. A nan kuwa Runduna ta 8 da ke da hedikwata a Sakkwato tana fama da 'yan bindiga a gabas, ga Lakurawa, waɗanda hedikwatar tsaro ta bayyana sunansu a Nuwamban 2024, a dazukan Tangaza da Gudu da maƙwabtansu. Harin jirgin sama na 25 ga Disamba 2024, wanda ya hallaka mutanen ƙauye a ƙaramar hukumar Silame, a maƙwabtan Surame ya faru. Kwamandan da aka ce ya kafa sansani cikin kwana uku ba zai jira masanin kufai daga jami'a a Zariya ba, kuma ran soja da na talaka yana gaba da kowane tsingaro. Amma ba kowane aikin soja ne na gaggawa ba. Faɗaɗa bariki, da gina sansani na dindindin, da shata filin harbi, da zaɓen inda za a ɗebi ƙasar cike buhu, duk ana tsara su wata da watanni. Yini biyu na awo yana shiga cikin wannan tsari ba tare da ya jinkirta komai ba. Sau da yawa ma abin da za a nema bai wuce a matsar da rami mita hamsin ba.

Soja ma yana da riba a ciki. Ma'aunin maganaɗisun da yake gano murhu shi ne yake gano bam ɗin da bai tashi ba. A Jamus har yau da shi ake bincika fili kafin a yi gini saboda ragowar Yaƙin Duniya na Biyu. Zagaye ɗaya zai iya ba injiniyan soja taswirar ƙarfen da ke da haɗari da tsofaffin rijiyoyin da za su iya rufta wa gini, ya ba masanin kufai taswirarsa. Sharaɗin shi ne a yi awon kafin a sauke kaya. Da zarar an ja waya mai ƙaya, an ajiye kwantena, kwanson harsashi da gwangwani sun watsu, hoton maganaɗisu ya lalace. Mota ɗaya tana rufe abin da ke kewaye da ita mita da yawa, na'urorin sadarwa kuma suna dama wa rada lissafi.

Ta fuskar doka akwai madogara, ko da ba ta kai ta Amurka ƙarfi ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta fi mai da hankali ga hana tono ba izini da hana fitar da kayan tarihi waje. Ba ta tilasta wa kowace hukuma ƙidaya kufan da ke filinta ba. Amma Najeriya tana cikin yarjejeniyar Hague ta 1954 tun 1961, sashe na 7 na yarjejeniyar kuma ya nemi kowace ƙasa ta tanadi ƙwararru a cikin rundunarta, tun lokacin zaman lafiya, waɗanda aikinsu kula da kayan al'adu. Jami'i ɗaya a sashen injiniyoyi na Runduna ta 8, da yake da lambar wayar ofishin Hukumar Gidajen Tarihi a Sakkwato, da ta Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, da ta sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, zai cika babban ɓangare na wannan alkawari. Dokar duba tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta shafi manyan hanyoyi, abin da ya zama na gaggawa tun da aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai kilomita 1,068, a Illela cikin Oktoban 2024. Ramukan da ake ɗibar jar ƙasa don irin wannan hanya sukan fi hanyar kanta cin fili. An taɓa yin abin da ya dace: kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, masu bincike sun bi kwarin sun tono abin da suka iya, har da gumakan yumɓu na Yelwa.

Matakin farko ma ba ya buƙatar kowa ya shiga daji. Hotunan da jiragen sama suka ɗauka don zana taswira a shekarun 1950 da 1960, da na taurarin leƙen asirin Amurka masu suna Corona, waɗanda aka ɗauka daga 1960 zuwa 1972 aka saki a 1995, suna nuna ƙasa kafin gonaki da garuruwa su faɗaɗa. Zoben tsohuwar ganuwa yakan fito a cikinsu ko da yau an nome shi. Idan aka haɗa wannan da abin da dagatai da maharba da tsofaffin manoma suka sani, domin manomi ya san gonar da gindin tulu yake karya masa galma, za a sami jerin wuraren da ya kamata injiniya ya kauce musu tun kafin a kunna wata na'ura.

Akwai haɗari biyu da nake ganin sun fi na kimiyyar nauyi. Na farko, malamin jami'a da ya shiga ƙauye da rakiyar soja yana ɗauke da sanda mai waya, a idon ɗan bindiga ɗan leƙen asiri ne, kuma bayan ya koma gida mutanen da suka nuna masa hanya su ne za su kwana a wurin. Wannan ya isa dalilin fara aiki a cikin shinge da wuraren da hankali yake kwance, a bar sauran sai ƙura ta lafa. Na biyu, taswirar kufai jagora ce ga ɓarawo. A shekarun 1990 an wawashe gumakan yumɓu daga yankunan Sakkwato da Katsina aka kai kasuwannin Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jan jerinta a 2000. Tun da aka gano zinariya a Jado ta Nijar a 2014 kuma na'urar neman ƙarfe ta zama kayan kasuwa a yankin. Duk wanda ya ga baƙi suna auna gona zai ɗauka zinariya suka gani, washegari a wayi gari da ramuka. Dole a yi wa hakimi da limami da mai gona bayani tun farko, a nuna musu hoton su ga toka da rami ne, a kuma ajiye ainihin lambobin wurin a hannun hukuma, ba a cikin rahoton da za a sa a intanet ba.

Inda wannan hanya ta fi kowace daraja shi ne wurin da tono bai halatta ba. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙwanni, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, a lokacin da yarjejeniyar 1898 ta sa garin a ɓangaren Ingila, cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato. Sai gyaran iyaka na 1904 da 1906 ne ya mai da shi hannun Faransa. A kudu da Sakkwato kuma akwai Satiru, wadda sojan Ingila suka rushe a Maris na 1906, aka kashe mutum wajen 2,000, aka hana sake zama a wurin. Garin da wuta ta cinye a rana ɗaya aka kuma bar shi yana daga cikin abin da ma'aunin maganaɗisu ya fi iya karantawa, ramin da aka binne mutane da yawa kuma rada tana iya nuna bakinsa da zurfinsa. Musulmi ba ya son a taɓa kabari, na'urar kuma ba ta taɓawa. Amma iyakarta a bayyane take: tana cewa an taɓa haƙa nan an mayar, ba ta cewa wane ne a ciki, ko a wace shekara, ko mutum nawa. Wanda ya ɗauki hoton rada ya ce ya ƙirga gawa ya wuce abin da awonsa ya ba shi. Abin da za ta iya yi shi ne ta shata wa jikokin mamatan iyakar wurin, don a kewaye shi kada a yi gini ko a ja hanya a kai.

Aikin Ƙwanni na hukumomin Nijar ne da cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023, da rufe iyakar da ya biyo baya, haɗin gwiwar hukuma da hukuma ya yi wuya. Duk da haka ƙasar Ƙwanni da ta Illela iri ɗaya ce, yashi ɗaya, marmara ɗaya, kusurwar maganaɗisu ɗaya. Duk gwajin da aka yi a jigawar Illela ko bakin Kalmalo, aka gane tazarar layi da irin na'urar da ta dace, masu bincike na Yamai za su iya ɗaukarsa kai tsaye ranar da dattawan Ƙwanni suka ba da izinin a auna musu.